Kundin Injiniya da Ƙasar da Ake Gini a Kanta: Waiwaye Daga Ungogo



Abin da zan yi magana a kansa yau littafi ne, amma ba irin wanda ake ɗauka a yi ta karantawa daga bango zuwa bango ba. Littafi ne mai kauri, mai ƙananan baƙaƙe, cike da jadawali da alƙaluma da zane-zane, wanda injiniyan gine-gine da hanyoyi yake ajiyewa kusa da hannunsa don ya riƙa dubawa sa'ad da bukata ta taso. Ni dai zan kira shi kundi, domin a wurinmu kundi shi ne inda malami yake tara abin da ya tsinto daga wurare dabam-dabam, wanda ba ya so ya ɓace masa. A cikin kundin injiniya za a tarar da nauyin kankare da na ƙarfe da na katako, da irin kayan da ginshiƙi mai kauri kaza zai iya ɗauka, da yawan ruwan da bututu mai faɗi kaza zai iya wucewa da shi, da yadda ake auna gangaren hanya, har da yadda ake ƙiyasta kuɗin aiki. Tambayar da nake so mu bi ita ce, ina amfanin wannan littafi yake, kuma ina iyakar amincewar da ta kamata a yi masa? Zan nemi amsar a cikin tarihi, kuma zan tsaya a ƙasar Ungogo da ke arewa da birnin Kano, saboda dalilan da za su bayyana a gaba.

Tara ilmin gini cikin littafi ɗaya daɗaɗɗen abu ne. Wani mutumin Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi mai kashi goma tun kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi bayanin farar ƙasa da yashi da katako da hanyoyin ruwa. A farkon ƙarni na 11 Abubakar al-Karaji, masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza, ya wallafa littafi kan fito da ruwan da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, inda ya kawo alamomin da ake gane wurin ruwa da su, da kayan awon tudu da kwari, har da hukuncin harimin rijiya. A ƙasar Sin kuwa, a shekarar 1103, hukuma ta buga littafin ƙa'idojin gini na Li Jie. Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Ibn al-Rami na Tunis, a ƙarni na 14, domin shi magini ne da kansa, alƙalai sukan aike shi ya dubo bango ko magudanar da maƙwabta suke jayayya a kai, sa'an nan ya zauna ya rubuta hukunce-hukuncen bisa mazhabar Maliku.

Amma kundin da muka sani yau ɗan zamanin jirgin ƙasa ne. Da aka fara shimfiɗa dogo a ƙarni na 19, sai injiniya ya zama matafiyi, yana aiki a daji, nesa da malaminsa, nesa da ɗakin karatu, ga kogi a gabansa ana jiran ya faɗi irin gadar da za a yi. Dole ya sami abin da zai shiga aljihu. A 1857 wata ƙungiyar ɗalibai a Barlin ta ƙasar Jamus, mai suna Hütte, ta tattara ƙa'idojin lissafin da suka koya ta buga su cikin ɗan littafi. Ɗaliban da ke nan su lura da wannan: ɗalibai 'yan'uwansu ne suka haɗa shi, kuma ya rayu ana ta sabunta shi fiye da shekara ɗari. A 1862 Guilford Molesworth ya fitar da nasa a Ingila, shi da daga baya ya zama mai ba gwamnatin Indiya shawara kan hanyoyin jirgin ƙasa. A 1872 John Trautwine ya fitar da na Amurka. Kowannensu an sake buga shi sau da yawa, ana gyara ana ƙari.

To, a lokacin da ake buga waɗannan littattafai, yaya ilmin gini yake a ƙasar Kano? Yana nan da ƙarfinsa, sai dai a ka yake, ba a takarda ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ganuwar birni, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, aka ƙara zamanin Muhammadu Nazaki. Duk wanda ya san wahalar tara ƙasa da jiƙa ta da ɗora ta, ya san aikin nan ba a yi shi da ka-ci-ɓus ba. Akwai masu lissafin leburori, akwai masu sanin gangaren da bango zai yi don kada ya zube, akwai kuma masu sanin inda za a bar wa ruwa hanya. A cikin ƙasar Ungogo kanta akwai Fanisau, wadda Sarki Ibrahim Dabo ya mayar da ita ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma a can ne Baturen nan Clapperton ya tarar da shi a 1824. Gidan sarki na Fanisau, inda ake zuwa hawa bayan salla, shaida ne na abin da maginan wancan zamani suka iya. A Zariya ma ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wanda bakan gizonsa ya sa masana gini na duniya suka yi ta zuwa awo.

Magini na gargajiya yana da nasa jadawalin, ko da yake bai kira shi haka ba. Ya san azara, watau tsagin giginya, ba ta son a shimfiɗa ta a sarari fiye da kimanin ƙafa shida in za a ɗora mata ƙasa, sai a yi mata tauyi daga jikin bango don a rage nisan, in kuwa soron babba ne sai a koma ga baka ko ɗaurin guga. Ya san gara ba ta cika damun azara ba. Ya san kwana nawa za a bar birji ya ruɓa kafin a yi tubali, ya san makuba daga kwasfar ɗorawa take, ya san laso ana haɗa shi da katsin marina da gashin jima da dafara. Ya san tsawon da indararo zai yi don kada ruwa ya ci gindin bango. Wannan ilmi yana da wata fa'ida da babu littafin Turai da ya kai shi, ita ce a nan aka gwada shi, da ƙasar nan da ruwan nan da ranar nan. Rauninsa kuwa shi ne daga baki zuwa kunne yake tafiya, daga uba zuwa ɗa, a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma wani sashe nasa asiri ne na gida. In gwani ya rasu bai yaye kowa ba, an binne jadawalin tare da shi. Malamanmu na da sun rubuta hukuncin wanda ya juya indararonsa gidan maƙwabci, amma awon ginin kansa sun bar wa masu sana'a.

Kundin bugawa ya shigo ƙasar nan ne tare da dogo. Sir Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a mulkin Arewa a 1907, shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. Shi ya tsaya a kan hanyar Baro zuwa Kano, Ma'aikatar Ayyuka a ƙarƙashin John Eaglesome ta yi aikin, mil fiye da 350, dogo mai faɗin ƙafa uku da inci shida, har ya iso Kano a 1911. Ku yi tunanin yawan ƙoramu da kwazazzabai da ke tsakanin Neja da Kano, kowanne yana bukatar gada ko kwalbati, kuma injiniyoyin 'yan kaɗan ne. Ba zai yiwu a zauna a ƙirƙiro lissafin kowace gada daga tushe ba. Abin da ma'aikatan daular Ingila suka saba yi a Indiya da Masar da nan shi ne su buɗe littafin aljihu, su ɗauki awon da aka riga aka gwada, su ƙara kaɗan don tsaro, su wuce gaba. Amfanin kundi na farko ke nan: yana ba mutum ɗaya ƙwarewar mutum dubu da bai taɓa gani ba, kuma yana sa aikin da aka yi a Zungeru ya dace da wanda aka yi a Calawa.

Bayan dogo sai ayyuka suka biyo baya. En'e ta Kano ta biya kuɗin ruwan famfo da wutar lantarki, aka ja ruwa daga Calawa, aka fara sha a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Dogon Nguru ya kammala a 1930. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, daga baya aka yi filin jirgin da ke maƙwabtaka da ƙauyukan Ungogo. Sabon masallacin Juma'a na birni an buɗe shi a 1951. Duka waɗannan da siminti da ƙarfe da lissafin littafi aka yi su.

Akwai wani abu da ya faru a tsakiyar wannan zamani wanda ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina ya cancanci a tsaya a kansa. A 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta buga wata takardar fasaha ta A. F. Daldy kan gine-ginen ƙasa na Arewa. A wannan karon ilmin ya juya baya ne: Bature ya je wurin maginan Hausa ya tambaya, ya auna, ya rubuta. Siminti da kwano suna da tsada, kuma lokacin yaƙin duniya sun yi wuya, alhali hukuma tana bukatar makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata, don haka ginin ƙasa ya zama abin da injiniya ba shi da makawa sai ya fahimce shi. Sunan da aka ba takardar ya kira su gine-ginen wucin gadi, abin da zai ba mutumin da ya ga Gidan Rumfa dariya, tun da gidan ya girmi Ma'aikatar Ayyuka da shekara ɗari huɗu da wani abu. Duk da haka takardar ta yi amfani. Waɗanda suka zo daga baya suna nazarin ginin Hausa, irin su J. C. Moughtin da Z. R. Dmochowski da Hamman Tukur Sa'ad, sun tarar da an share musu hanya. Abin baƙin ciki shi ne awon azara da haɗin laso ba su sami shiga manyan kundayen da ɗalibanmu suke karantawa ba, suka tsaya a ɗakunan ajiya na jami'o'i.

Yanzu sai mu koma Ungogo sosai. A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga rahoton M. J. Mortimore da J. Wilson kan ƙasa da jama'a a karkarar da ke kewaye da Kano, kuma gundumar Ungogo ce suka yi bincikensu a ciki, don amfanin hukumar tsara birnin Kano da kewaye. Abin da suka bayyana shi ne ƙasa mai cunkoson jama'a, gona na jikin gona, ba a barin saura, ana noma kowace shekara, jakuna suna kai itace birni suna dawowa da taki. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, mai shanye ruwa. A wannan lokaci ne kuma B. A. W. Trevallion ya tsara shirin bunƙasar Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Bachirawa, ko ya shiga Rijiyar Zaki, ya san abin da ya faru da gonakin nan. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ungogo mutum fiye da 360,000, kuma wurare da yawa da aka san su da gero da dawa da gyaɗa sun zama bulo da kwano.

Ina ruwan wannan da kundin injiniya? Bari mu yi ɗan lissafi tare, ba mai wuya ba ne. A kusan kowane kundi akwai wata ƙa'ida da wani injiniyan ƙasar Ailan mai suna Thomas Mulvaney ya bayyana a 1851, ta ƙiyasta ruwan da zai zubo wa kwalbati. Abu uku ake ninkawa: faɗin filin da ruwansa ke gangarowa wurin, da ƙarfin ruwan sama, da kason ruwan da ƙasa ba ta shanye ba. Mu ɗauki fili mai faɗin kilomita ɗaya tsawo da faɗi, a yi ruwan milimita 50 cikin sa'a ɗaya. Wannan lita miliyan 50 ke nan, watau kusan lita 14,000 a kowace daƙiƙa. In filin gona ce ta jigawa, mu ce a misali kashi ɗaya cikin biyar ne yake gudu, sauran ƙasa ta shanye, to kwalbati za ta karɓi abin da bai kai lita 3,000 a daƙiƙa ba. In kuwa aka rufe filin nan da rufin kwano da daɓen siminti da kwalta, har kashi uku cikin huɗu ya zama yana gudu, abin da zai iso bakin kwalbatin ya haura lita 10,000. Sama ba ta ƙara ko ɗigo ba, ƙa'idar lissafi ba ta sake ba, injiniyan da ya auna kwalbatin a zamanin gonaki bai yi kuskure ba, amma ga ruwa a ɗakunan mutane.

A nan ne ake gane kundi kashi biyu ne a haɗe. Kashi ɗaya ƙa'ida ce, ita kuwa ba ta da gari. Yadda ruwa yake gudu a bututu a Landan haka yake gudu a Panisau. Kashi na biyu alƙaluma ne da wani ya auna a wani wuri a wani lokaci, su kuwa suna da gari kuma suna tsufa. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan biyu ba, zai ɗauki ƙarfin ruwan saman Ingila, inda ake yayyafi wuni guda, ya auna magudanar da za ta karɓi ruwan Agusta na Kano, wanda yake zubowa kamar da bakin ƙwarya cikin rabin sa'a. Zai karanta cewa kankare yana kai ƙarfinsa na awo a kwana 28, ya manta cewa sharaɗin haka shi ne a bar shi da danshi, alhali hunturun Kano yana busar da daɓe kafin la'asar. Turawan kansu sun gane wannan, shi ya sa cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila ta fitar da jagora na musamman don hanyoyin ƙasashe masu zafi a 1962, inda marmara ta sami matsayinta, kuma Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta fitar da kundin hanyoyin Nijeriya a 1973, aka sabunta shi a 2013.

Ko alƙaluman da aka auna a gida ma ba a sakin jiki da su. Kano tana da sa'a, domin an fara rubuta awon ruwan samanta tun farkon mulkin Turawa, don haka jerin shekarun yana da tsawo. Amma wanda ya duba jerin zai ga shekarun 1950 masu ruwa ne, sa'an nan aka shiga fari, har a 1973 ruwan da aka samu bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba. A cikin wannan yanayi ne gwamnatin Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ta duƙufa kan madatsun ruwa, aka yi Bagauda, aka gama Tiga a 1974. Hankalin kowa yana kan yadda za a tare ruwa. Sai ga Agustan 1988, aka yi ruwa mai yawan gaske, gidaje suka rushe a birni da ƙauye, madatsar Bagauda ta ɓalle. Jadawalin da aka haɗa daga shekarun fari kaɗai zai yaudari mai auna magudana, kamar yadda wanda aka haɗa daga shekarun damina mai albarka zai yaudari mai haƙa rijiya.

Sai kuma maganar bugu, watau shekarar da aka buga littafin, wadda ɗalibai suka fi sakaci da ita. Injiniyoyin farko da suka fito daga Zariya, kafin kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da bayanta, da ƙafa da inci da fam suka koyi aiki. A shekarun 1970 ƙasar ta koma mita da kilo, tsofaffin kundaye suka zama sai an yi juyi kafin a yi amfani da su, kuma a wurin juyin nan ne kuskure yake ɓuya. Ƙa'idar kankare mai rodi da muka aro daga Ingila ita ma ta yi ta sauyawa: CP 114 ta ba CP 110 wuri a 1972, ita kuma ta ba BS 8110 wuri a 1985, wadda Ingila ta janye a 2010 ta koma ƙa'idar Turai. Kundin Charles Reynolds na kankare, wanda ya fara fitowa a 1932, an yi ta sake shi don ya bi waɗannan sauye-sauye. Saboda haka littattafai biyu masu suna ɗaya da marubuci ɗaya suna iya ba da amsa biyu. Abin da nake gaya wa ɗalibi shi ne, kafin ya buɗe shafin da yake nema, ya fara buɗe shafin farko ya ga shekara.

Kada wannan ya sa a zaci ina rage darajar kundi. Ɗalibi yana koyon darussa ne a rarrabe, ƙasa a wannan aji, ruwa a wancan, ƙarfe a wani zangon, amma ranar da aka tura shi ƙauye shi kaɗai, aikin ba zai zo masa a rarrabe ba. Shugaban ƙaramar hukuma zai tambaye shi kwalbati da safe, rijiyar burtsatse da rana, rufin aji da yamma. Kundi ne kaɗai littafin da ya tara su wuri ɗaya, kuma mai yawan jujjuya shi yakan sami wani abu mai daraja, watau sanin kimar amsa tun kafin a gama lissafi. Wanda ya riƙe cewa kankare mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka, in kwamfuta ta ba shi 240 zai tsaya ya sake dubawa. Wanda bai riƙe ba zai sa hannu. Wayar hannu ta kawo jadawali kyauta ga kowa, wannan alheri ne, sai dai sau da yawa shafin da ta kawo ba ya ɗauke da sunan wanda ya auna, ko shekara, ko ƙasar da aka yi awon.

Akwai kuma wanda kundin bai taɓa yi wa magana ba sam, shi ne birkila. Yawancin gidajen da suka cinye gonakin Ungogo ba injiniya ne ya zana su ba. Mai gida ne da birkila da mai buga bulo suka yanke shawara a tsaye. Birkilan nan ya bar ilmin kakansa na tubali da azara, bai kuwa sami na littafi ba, domin littafin da Turanci yake kuma da tsada. An kafa COREN a 1970, an kafa cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa a 1978, an fitar da dokar gini ta ƙasa a 2006, amma duk waɗannan da mai takardar shaida suke magana. Abin da ya rage wa jami'o'inmu na Kano da Zariya da Wudil shi ne ɗan ƙaramin kundi da Hausa, da boko da ajami, wanda zai shiga aljihun riga, a sayar da shi inda ake sayar da siminti. A ciki a faɗi bulo nawa ya kamata buhu mai kilo 50 ya fitar, da yadda ake awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu da kwanon awo, da kwana nawa za a yi ana ba daɓe ruwa a hunturu, da zurfin harsashi a jigawa da a fadama da a tsohon kududdufin da aka cike, da nisan da za a bari tsakanin masai da rijiya. A bar shafi biyu a ƙarshe don awon azara da haɗin laso, tun da sauran tsofaffin magina a Fanisau da cikin birni da za a iya zama a tambaya.